Yadda za ka canza hardis ɗin laftof zuwa SSD ba tare da ka sayo wanda ba ta karɓa ba

Assalamu alaikum jama'a. Koken da ya fi yawa ga masu laftof cikin garin nan na Sakkwato, tun daga ɗaliban Danfodiyo da na Poli da furojet ya taso ma gaba har masu shagon buga takardu, shi ne laftof ta yi nauyi, ka kunna ta ka tafi ka yi alwala ka dawo tana nan tana juyi, ka danna Word sai ka jira, ka buɗe Chrome ta sandare. Wani shi ce a ƙara RAM, wani shi ce bairos ne a yi fomatin, wani ma shi ce ai ta tsufa ka sayar ka huta. Mafi yawan lokaci kuwa hardis, wato ma'ajiyar fayilolin laftof, shi ne ka jawo wanga nauyi, kuma canza shi zuwa SSD, irin ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa, shi ne gyara guda da za ka ga banbancinshi tun kunnawar farko. Aikin kanshi ba wuya gare shi ba, duk wanda ya iya riƙe sukuddireba zai iya. Inda mutane ka asarar kuɗɗi wurin saye ne, don SSD ba iri ɗaya ba ne, akwai wanda zai shiga ramin laftof ɗinka shi zauna daram amma ta ƙi ganinshi sam.

Fara da tabbatar da cewa hardis ɗin ne. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance ka dubi Disk 0, ƙarƙashinshi an rubuta HDD ko SSD. In ka ga HDD kuma shina maƙale bisa 100% alhali ba wani abin kirki kake yi ba, to shi ne. In kuwa ka ishe SSD ne riga, ciwon laftof ɗinka wani wuri yake, RAM ko zafi ko furosesa, ka riƙe kuɗɗinka.

Cikin hardis faifai ne na gaske ke juyawa, na laftof yawanci sau 5400 a minti, wasu 7200, da ɗan hannu mai yawo bisa faifan shina neman inda anka aje abu. Ga babban fayil zai ba ka wajen 100MB a sakan, amma Windows ba babban fayil guda take karantawa ba, dubban ƙanana ne warwatse, nan ne hannun ga ke shan wuya. SSD babu abin da ke motsi cikinshi, na SATA shina kai 550MB a sakan kuma ƙananan fayilolin nan ba su dame shi ba. Ga mu da ke rataya laftof cikin jaka mu hau kabu-kabu ana faɗawa ramu kuwa, rashin abin motsin nan kaɗai ya isa dalili.

Ka san cikakken sunanta tukuna

"HP ce" ba suna ba ne, "Core i5 ce" shi ma ba suna ba ne. Juya ta ka dubi takardar da ke manne ƙasa, in ta goge ka cire batir ka duba ƙarƙashinshi, ko ka danna maɓallin Windows da R ka rubuta msinfo32 ka dubi layin System Model. Nan dai ka dubi layin BIOS Mode shi ma, ko UEFI ne ko Legacy, ka rubuta ka aje, za mu neme shi gaba. Da lambar model ɗin sai ka nemi littafin gyaranta a intanet, kyauta ne, na HP sunanshi Maintenance and Service Guide, na Lenovo Hardware Maintenance Manual, na Dell Service Manual ko Owner's Manual, ciki akwai irin SSD ɗin da take karɓa da hotunan yadda ake kwance ta.

Mi ya sa nake matsawa bisa cikakken suna? Ɗauki EliteBook 840 da ta cika shagunan tokumbo. G1 tana ɗaukar na 2.5, sai wani ɗan gajeren ramin M.2 2242 mai jin SATA kaɗai. G3 tana da wurin 2.5 kuma tana da dogon M.2 2280 mai karɓar SATA da NVMe duka. G5 babu wurin 2.5 gaba ɗaya. Suna guda, ciki daban daban. Kuma ko littafin ya faɗi, ni dai shawarata ka kwance murfin ka leƙa da idonka kafin ka nufi kasuwa, gani ya kori ji, don kayan tokumbo sun bi hannuwa da yawa, sai ka ishe an cire wayar hardis ɗin ko ƙarfen da ke riƙe shi tun can, ko kamfanin ma bai manna ramin M.2 ga irin wagga da ke hannunka ba ko da yake shatinshi na nan bisa madabod. Ka ɗauki hoton cikin da wayarka.

Abin da za ka gani in ka buɗe

Na farko kuma mai sauƙi, SATA 2.5. In laftof ɗinka da hardis ta zo to wanga zai shiga wurinshi, baki ɗaya gare su, irin su EliteBook 8460p da 8470p, Latitude E6420 da E6430, ThinkPad T420, duk wanga ne. Abu biyu kawai za ka lura. Kauri: tsoffin hardis da yawa 9.5mm ne, SSD kuwa 7mm, zai shiga amma shina iya girgiza ko bakinshi shi ƙi daidaita da na laftof ɗin, sai a sa mishi ɗan abin cikon da wasu ke zuwa da shi cikin kwali, in babu a ninke ɗan kwali a tokare. Sai gudu: laftof ta zamanin Core 2 Duo da Core i na farko irin su E6410 SATA II gare ta, ba za ta wuce wajen 270MB a sakan ba ko wane SSD ka sa mata. Zai yi aiki lafiya lau kuma za ka ji banbanci ƙwarai, amma kar ka kashe kuɗɗi bisa mai tsada saboda ita.

Na biyu mSATA, ɗan ƙaramin kati mai faɗi kamar katin wayafai, na laftof ɗin wajen 2011 zuwa 2014 ne. Latitude E7240 da shi take aiki, Folio 9470m da ThinkPad X230 da T430 kuma suna da raminshi ban da wurin 2.5. Raminshi kama ɗaya da na katin wayafai, to kar ka ga ya shiga ka ce shi ke nan, sai ramin da anka haɗa don shi. Kuma mSATA ba M.2 ba ne, masu shago da yawa suna cakuɗa sunayen.

Na uku M.2, kuma nan ne rikicin duka yake. M.2 sunan siffa ne kawai, wancan siririn mai tsawo. Amma cikin siffar guda akwai iri biyu da ba su jin maganar juna, M.2 SATA da M.2 NVMe. Kamar ka ishe mutum a kasuwar Illela da riga da hula irin taka ka yi ta zuba mishi Hausa ashe Zabarmanci kaɗai yake ji. Akwai laftof mai karɓar SATA kaɗai, akwai mai karɓar duka biyu, kuma sababbi da yawa NVMe kaɗai suke ji. In ka sa wanda ba nata ba, ba abin da za ta nuna maka, BIOS, wato shafin saitin laftof da ake shiga kafin Windows ta tashi, zai ce babu komi ciki, kai kuma ka koma ma mai shago da faɗa kana cewa ya ba ka matacce alhali lafiyarshi lau.

Yadda za ka rarrabe: dubi bakin mai ruwan zinari. Na SATA yawanci tsaga biyu gare shi, ana ce mishi B+M, na NVMe yawanci tsaga ɗaya, M. Na ce yawanci don akwai wasu NVMe masu tsaga biyu, saboda haka tsagar alama ce kawai, takardar da ke manne bisa SSD ɗin ita ce shaida, in ka ga NVMe ko PCIe to shi ne. Kuma lura, mai tsaga biyu shina shiga ramin M cikin sauƙi, shi ya sa mutum zai rantse ya shiga daidai amma shiru.

Sai tsawo. Lambobin nan 2230, 2242, 2260, 2280 awo ne, 22 faɗi ne a milimita, sauran tsawo, wato 2280 tsawonshi 80mm. Shi ya fi yawa kasuwa. In laftof ɗinka 2242 take ɗauka, dogon ba shi da wurin kwanciya, kar ka ce za ka lanƙwasa ko ka ɗaure da salatif. Laftof sirara kuma wasu sai mai cip gefe guda, mai cip gaba da baya shina tokare madabod, hakanan masu zuwa da ƙaton ƙarfen sanyaya bisansu na kwamfutar tebur ne da PS5, murfi ba zai rufu ba.

Maganar Gen3 da Gen4, wato matakan gudun NVMe, kar ta ruɗe ka. Gen3 shina kai wajen 3500MB a sakan, Gen4 wajen 7000, kuma Gen4 zai yi aiki cikin ramin Gen3 amma da gudun Gen3, to ka biya kuɗɗin abin da ba ka amfana da shi. Ga buga takardu da Excel da kallon darasi ma ba ka gane banbancin NVMe da SATA sosai, babban tsallen daga hardis zuwa kowane SSD ne. Ƙari bisa haka masu gudun nan sun fi ɗaukar zafi, yawancinsu iyakar aikinsu digiri 70 ne, da sun kusanto nan su rage gudu da kansu, ka tuna Afrilun Sakkwato da zafi ke haura 40 ga laftof bisa katifa babu fanka.

Akwai kuma waɗanda ba a canza musu. Ƙananan nan masu 32GB ko 64GB irin HP Stream, eMMC gare su, an like shi bisa madabod. MacBook Pro mai Touch Bar tun daga 2016 da duk masu M1 zuwa sama suma a like yake, na 2013 zuwa 2015 baki nasu na daban ne sai da adafta, amma tsohuwar 2012 mai wurin DVD tana karɓar SATA 2.5 kamar kowa.

Saye

128GB ya yi kaɗan, Windows da Office da ofdet za su cinye kusan rabi kafin ka sa komi naka. 256GB shi ne mafi ƙaranci da zan ba mutum shawara, in da hali 512GB. Farashi ba zan faɗi ba don da dala yake tafiya. Ko cikin gari za ka saya wajen Emir Yahaya da Ahmadu Bello Way, ko za a yi maka webil daga Kano ko Computer Village ta Ikeja, ka rubuta ma mai kayan abin da kake so dalla dalla, misali M.2 2280 NVMe 512GB, ka tura mishi hoton ramin, kuma ku yi magana tun farko cewa in bai yi ba zai canza. In cikin gari ne ma ka ɗauki laftof ɗin ka tafi da ita a gwada gabanka.

Araha ba ta ado. Akwai jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfunna, akwai wanda an rubuta 1TB amma abin da ke ciki bai kai ba, sai ka zuba kaya sun wuce iyakarshi su fara lalacewa. Sa manhajar CrystalDiskInfo cikin filash ka tafi da ita, za ta nuna maka lafiyarshi da Power On Hours, wanda anka ce sabo ne bai kamata ka ga ɗaruruwan awoyi ba. In kana shakkar girman, manhajar H2testw tana cika shi tab ta karanta ta faɗa maka gaskiya, tana ɗaukar lokaci amma ka yi kafin ka zuba komi. Ni a ganina SSD ɗin da anka ciro daga wata laftof ta tokumbo, na Samsung ko SK hynix ko Micron, mai lafiya sama da 90%, ya fi sabo dal mai sunan da ba ka taɓa ji ba. Kuma kar ka tada hankali in 256GB ya nuna 238, ko 512 ya nuna 476, ko 1TB ya nuna 931, banbancin lissafi ne, ba cuta ba ce.

Kafin ka taɓa sukuru

Kwashe abin da ba ka iya rasawa. Desktop, Documents, Downloads, hotuna, furojet ɗinka kuma ka aje shi wuri biyu, filash da imel ko Google Drive. Sannan ka rubuta BitLocker ko Device encryption, wato makullin da Windows ke kulle fayilolin hardis da shi, wurin nema ka gani ko a kunne yake, laftof da yawa suna zuwa da shi mai ita bai ma sani ba. In a kunne yake ka kashe shi ka jira shi gama, ko aƙalla ka ciro makullinshi mai lamba 48 daga akawun ɗinka na Microsoft, in ba haka ba ranar da ka sa tsohon hardis cikin kes, ɗan gidan da ake jona shi ta USB, don ɗaukar fayil zai tambaye ka lambar kuma babu mai gyaran da zai iya buɗe maka.

Yanzu zaɓi biyu gare ka, ko kulonin, wato a kwafe tsohon gaba ɗaya da Windows da manhajoji zuwa SSD, ko ka loda sabuwar Windows. In kana da manhajojin da maido su wahala ne, irin SPSS ko AutoCAD ko ta lissafin shago, kulonin ya fi. In kuwa laftof ɗin ta cika da tarkace, ko CrystalDiskInfo ta nuna Caution da ruwan ɗorawa bisa tsohon hardis, kar ka wahalar da kanka, kulonin zai tsaya tsakiya ko ka kwaso matsalar ka kai sabon wuri.

Ga kulonin kana buƙatar wayar USB zuwa SATA ko kes ɗin hardis, in M.2 ne kes ɗinshi, shi ma akwai na SATA akwai na NVMe ka duba. Sharaɗin shi ne abin da ke cikin tsohon kar shi fi girman SSD ɗin, ba girman hardis ɗin ake dubawa ba, abin da ka cika. In 500GB ne kuma ka ci 380 za ka koma 256, sai ka fidda finafinai da wa'azozi da bidiyon biki zuwa wani wuri har shi sauko ƙasa da 200. Manhaja: in SSD ɗin Samsung ne akwai Data Migration tasu, WD suna da Acronis ta kyauta ga masu kayansu, DiskGenius tana yi ma kowa, Macrium Reflect da anka saba da ita sun daina ta kyauta. Ka haɗa SSD, ka buɗe manhajar, Source shi ne tsohon, Destination ko Target shi ne sabon, dan Allah ka karanta sau biyu wurin nan don in ka juya su ka kwafe wofi bisa kayanka kuma ba su dawowa. Ka zaɓi duk fatishan ɗin ba C kaɗai ba, ɗan ƙaramin nan na EFI ko System Reserved shi ka tada Windows. Shina iya cin awa ɗaya ko fiye, to ka hana ta barci cikin saitin wuta, ka bar caja jone, in batirinka ya mutu kamar na yawancin tokumbo ka yi shi inda akwai sola ko inbata, don in anka ɗauke wuta tsakiya daga farko za a sake.

Ga sabuwar Windows kuwa filash na 8GB zuwa sama, za a goge shi duka. Ka sauke Media Creation Tool daga shafin Microsoft, ko fayil ɗin ISO na Windows ka ƙona cikin filash da manhajar Rufus, ya haura 5GB to ka nemi datar dare ko wayafai. Cikin Rufus in BIOS Mode ɗin da ka rubuta ɗazu UEFI ne ka zaɓi GPT, in Legacy ne MBR, in NVMe za ka sa kuwa UEFI da GPT za ka bi. Ka sauke direban wayafai na model ɗinka ka aje cikin filash ɗin tun yanzu. Wurin lambar lasisi ka danna I don't have a product key, ka zaɓi irin wadda ke bisa da, Home ko Pro, in ta asali ce da ka hau intanet za ta kunna kanta don da madabod take ɗaure ba da hardis ba. Microsoft ta daina tallafa ma Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance, in furosesar Intel ce, sai janareshan na 8 zuwa sama da cip ɗin tsaro TPM 2.0, Rufus tana da wurin tsallake wanga sharaɗi amma Microsoft ba ta lamunce ba, kai ka san abin da ya fi maka.

Kwancewa da sawa

Riƙe Shift lokacin da kake danna Shut down don ta mutu gaba ɗaya. Cire caja, cire batir, ka danne maɓallin kunnawa kamar sakan 15. In batirin na ciki ne, da ka buɗe murfi abin farko ka zare filoginshi daga madabod, ThinkPad ma suna da Disable Built-in Battery cikin BIOS. Yi aikin bisa tebur, ba bisa darduma ko bargo ba, kuma ka taɓa ƙofar ƙarfe ko famfo kafin ka sa hannu ciki, musamman lokacin hunturu da iska ta bushe, wagga 'yar wutar da ke tartsatsi in ka cire rigar sanyi ta isa ta kashe cip.

Sukuddireba ƙarama mai kuros, wasu HP sai mai kan tauraro. Sukuru ba tsawo ɗaya gare su ba, ka zana bayan laftof ɗin bisa takarda ka aje kowane wurinshi, dogo in ya shiga ramin gajere shina huda abin da ke sama. Wasu na ɓoye ƙarƙashin robar ƙafa. In murfi ya ƙi tashi akwai sukurun da ka manta, kar ka sa ƙarfi. Tsohon katin ATM ka bi gefe da shi a hankali, ban da wuƙa.

In na 2.5 ne, kwance ƙarfen da ke riƙe hardis, ka zare shi, sukuru huɗu na gefe ka maida ƙarfen bisa SSD yadda yake bisa tsohon. Dubi bakin tsohon da kyau, wasu HP da Dell suna da ɗan adafta baƙi da ke manne kamar jikin hardis ɗin ne, in ba ka ciro shi ka maida ga SSD ba sai ka ga kamar bai dace ba. In siririyar waya mai kamar leda ce ta haɗa shi da madabod, ɗaga ɗan murfin maƙallin da farce tukuna, tana yagewa da wuri kuma samunta garin nan aiki ne.

In M.2 ne, ka riƙe shi ta gefe, ka daidaita tsagar, ka tura shi a karkace kamar digiri 30 har zinarin shi ɓace, zai tsaya ɗage, ka danna ƙarshen ƙasa ka ɗaure da ɗan sukurunshi M2x3. SSD ba shi zuwa da sukurun ga yawanci kuma ramin da ba a taɓa amfani da shi ba sau da yawa babu, ka roƙi guda wurin mai shago tun wurin saye. In akwai ɗan ƙarfe ko roba mai laushi ta sanyaya bisa tsohon ka maida. Kar ka ɓare takardar SSD ɗin, garanti na iya tafiya da ita. Tunda ta buɗe kuma ka riƙe fankar da yatsa ka share ƙurar da buroshi, ka san ƙurar garin nan.

Maida filogin batir, ɗora murfi amma kar ka ɗaure tukuna sai ka gwada.

In ta ƙi tashi

Kunna ka shiga BIOS, HP F10, Dell F2, ThinkPad F1, Acer da Asus F2. Wurin zaɓen abin tashi kuwa HP F9, Dell da Lenovo F12. In ka yi kulonin, tashin farko SSD kaɗai za ka bari, tsohon kar shi kasance jone ko ta USB.

In BIOS bai ga SSD ɗin ba sam, kashe ka zare ka sake turawa da kyau, in har yanzu shiru to kusan tabbas SATA ka sa ramin NVMe ko akasin haka. In BIOS ya gan shi amma ta rubuto No bootable device, ko 3F0 ga HP, ka duba jerin tashi ka kai Windows Boot Manager sama, ka tabbata UEFI ko Legacy bai canza daga yadda yake da ba, in duk daidai ne to ɗan fatishan ɗin nan ne ba ka kwafo ba.

Wadda ta fi ruɗa mutane: BIOS ya ga SSD amma wurin loda Windows an nuna fili babu komi. Wanga shina faruwa ga Intel janareshan na 11 zuwa sama saboda wani saitin BIOS mai suna VMD, da Dell ɗin da ke bisa saitin RAID On. Ko ka kashe VMD cikin BIOS, ko ka maida SATA Operation zuwa AHCI, ko ka sa direban Intel RST cikin filash ka danna Load driver. Amma kafin lodawa ake wanga canji, in ka canza bayan Windows ta zauna shuɗin sikirin za ka gani mai INACCESSIBLE BOOT DEVICE. Shi dai wanga shuɗin shina fitowa wani lokaci in anka yi kulonin daga SATA zuwa NVMe, shiga Safe Mode sau ɗaya kan gyara shi, in ya ƙi ka loda sabuwa kawai.

Bayan ta tashi

Ɗaure murfi. Buɗe Disk Management, in ka ga baƙin fili Unallocated ka danna dama bisa C ka yi Extend Volume, in ya ƙi dannuwa don fatishan ɗin Recovery ya shiga tsakani ka ja shi da DiskGenius ko ka maida filin D. Buɗe Command Prompt a matsayin admin ka rubuta fsutil behavior query DisableDeleteNotify, in ya ba ka 0 to TRIM, abin da ke share ma SSD wurin fayilolin da anka goge, na aiki. Ka bar Optimize Drives na Windows shi yi abinshi, kar ka sa wata manhajar difirag, kuma kar ka cika SSD maƙil, in ya cika shina rage gudu. In RAM ɗinka 4GB ne, ko furosesar Celeron ce, za ta tashi da sauri amma shafuka da yawa cikin Chrome za su ci gaba da ja, wancan gyara ne na daban. Ka sani kuma SSD in zai mutu ba shi ƙara ba shi gargaɗi irin na hardis, kuma ciro kaya daga matacce wuya gare shi ƙwarai, to kwafin nan na waje ka ci gaba da yi.

Tsohon hardis kar ka goge shi sai ka yi sati ɗaya ko biyu kana aiki ka tabbata ba abin da ya ɓace. Daga nan ko ka sa shi cikin kes shi zama na ajiya, ko in laftof ɗin tana da DVD da ba ka amfani da shi ka sayi kadi, wato ɗan gidan hardis mai siffar DVD ɗin, ka sa shi wurin, kadi iri biyu ne 9.5mm da 12.7mm sai ka zaro DVD ɗin ka auna ko ka tafi da shi shago, SSD shi zauna babban wurin don ramin DVD sau da yawa ya fi jinkiri. In kuwa sayar da shi za ka yi ko ba wani, fomatin na sauri ba shi goge komi, hotunan iyali da takardunka duk ana iya maido su da manhajar kyauta. Wurin fomatin ka cire alamar Quick Format ka bar shi shi bi faifan duka, zai ci awoyi, ka jona shi da dare inda wuta ba ta yankewa.